Yaran da Suka Ɗaga Hannun Hagu

Samaru, Zariya.

Zuwa ga ƙawata Saratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin huta. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. Ina tsaye aka rufe ki, ban manta ba. Amma duk shekarun da muka yi ni da ke a ofis ɗaya, muna koya wa masu son zama malaman firamare yadda ake koyar da lissafi, idan abu ya tsaya min a wuya kujerata kawai nake juyawa in fuskanci teburinki in amayar. Yanzu an ba wani sabon malami teburin. Yana da ladabi, sai dai ladabin ya yi yawa, ni kuwa ban saki jiki da shi ba tukuna.

Bari in fara da labarin gida. Maigidanki, Baban Bitrus, ya rame, amma ba ya fashin sujada. Bitrus ya koma wurin aikinsa a Kaduna. Tulun da kike bugawa a zumuntar mata an ba Maman Dauda, tana ƙoƙari, sai dai kullum tana gaban waƙa da taki ɗaya, mu kuma muna binta a guje. Kwalin tsinkayenki, waɗanda kike ɗaurewa goma-goma da roba don nuna wa ɗalibai yadda goma ke zama ɗauri guda, na kwashe shi na kai gida kafin masu shara su mai da shi tsintsiya.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Maganar Godiya ce.

Kin san bana ce shekararta ta ƙarshe, kuma ta fita gwajin koyarwa, abin nan da suke kira tifi. An tura ta wata firamare a Unguwar Gabas, can Sabon Gari, aji uku. Da aka zo raba mana ɗaliban da za mu je mu duba, shugaban sashe ya sa ta cikin nawa, yana murmushi. Na gane murmushin. Ya lissafa cewa 'yar ƙanwarki ce, ke kika ɗauko ta daga ƙauye tana ƙarama kika rene ta, ni kuma aminiyarki ce, don haka zan je in zauna, in yaba, in ba da maki in dawo. Gaskiya ni ma da niyyar da na shiga motar PZ mai zuwa Sabon Gari ke nan.

Darasin ɗebewa ne, irin wanda sai an yi aro. Ta rubuta arba'in da biyu a allo, a ɗebe sha bakwai. Saratu, da kin gan ta da kin yi alfahari. Muryarta ta kai ƙarshen aji, rubutunta a miƙe, tana Turanci tana sirkawa da Hausa yadda kowa zai bi. Duk tambayar da ta jefa, sai hannaye su tashi gaba ɗaya, babu wanda ya rage. Duk wanda ta kira kuma sai ya ba da amsa daidai. Ba kuskure ko ɗaya tun daga farko har aka kaɗa ƙararrawa.

Kin san halina. Ke ce kike cewa ko tuwo ya yi laushi sai na tambayi wanda ya tuƙa. Na daɗe ina shiga azuzuwan firamare, ban taɓa ganin ajin da kowa ya gane aro a rana ɗaya ba. Sai na daina kallon allo na koma kallon yaran. A nan na ga abin da ya hana ni barci. Fiye da rabinsu hannun hagu suke ɗagawa.

Ajin nan akwai 'ya'yan Hausawa, akwai na Yarbawa, akwai na Ibo, akwai namu na kudancin Kaduna. Ki gaya min, a cikinsu wace uwa ce za ta bar ɗanta ya miƙa wa babba hannun hagu? Amma ga su nan suna ɗagawa ba ko ɗar. Na ga wata yarinya ta ɗaga dama a tambaya ta farko, ta biyu ta yi jim, ta sauke, ta ɗaga hagu. Godiya kuwa ba ta kira mai hagu ba ko sau ɗaya. Idonta ya wuce ta kansu kamar babu su.

Ban tayar da zancen hannayen ba ranar. Na yaba rubutunta na tafi. Bayan 'yan kwanaki na koma ba sanarwa, na bi ta bayan aji na karɓi littattafan yara ina dubawa. Arba'in da biyu a ɗebe sha bakwai, yawancinsu talatin da biyar suka rubuta. Kin san wannan kuskure fiye da kowa. Sun ga biyu ba za ta ba da bakwai ba, sai suka juya, suka cire biyu daga bakwai, suka cire ɗaya daga huɗu, suka huta. Wasu ma an yi musu alamar daidai da jan biro.

Da aka tashi tara na ja ta gefe a baranda. Na zo da tsinkayenki a jaka. Na ajiye ɗauri huɗu da tsinke biyu, na ce ta ɗebe min sha bakwai. Ta kalle su, ta kalle ni. Sai ta fara karanto min dokar da ta haddace, a soke huɗu a rubuta uku, a sa ɗaya kusa da biyu. Na tambaye ta me ya sa ɗayan da aka aro ya zama goma. Ta ce haka ake yi. Robar nan tana gabanta, kwance ɗauri ɗaya kawai za ta yi ta ga goma sun zube, amma hannunta bai je wurin ba. Yarinyar da ta tashi a gidanki, Saratu. Ta yaya?

Sannan na tambaye ta maganar hannaye. Ba ta musa ba. Ta ce wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Na ce wa ya koya mata wannan. Ta fashe da kuka ta ce Mama ce. Ke ke nan.

Ta ce kin gaya mata bai kamata a kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa ba, shi ya sa kowa zai ɗaga hannu, malama kuma ta gane waɗanda ba su gane ba ta hannun da suka ɗaga, ta koma kansu daga baya. Magana mai daɗin ji. Har da muryarki na ji ta. Amma ina kallon hawayenta ina tambayar kaina, shin gaskiya take faɗa, ko ta gano cewa sunanki ne kaɗai ƙofar da ba zan iya turawa ba? Wa zai ƙaryata ta? Wadda za a tambaya tana ƙarƙashin ƙasa.

Tun ranar nake juya ki a raina, ina neman inda zan kama. Na tuna labarin da kika sha ba ni, yadda malaminku na firamare ya zane ki a gaban mai duba makarantu don kin kasa bakwai sau takwas, har kika yi fitsari a tsaye. Kin ce daga ranar kika tsani a kira yaro don a nuna bai sani ba. Wannan ya yi daidai da abin da Godiya ta faɗa, sai zuciyata ta ɗan kwanta.

Amma kuma na tuna wani abu. Duk lokacin da za a kawo baƙon malami daga wata kwaleji ya tantance ɗalibanmu, ke sai kin riga shi zuwa makarantun da naki suke. Kin ce kina duba ko suna da alli da kwali. Sau ɗaya na ce in raka ki, kika ce in zauna, rana ta yi zafi. Me kike yi a can, Saratu? Alli kawai?

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Ɗalibanki kullum su ne a sama, nawa suna biye. Baƙi su dawo suna yabon azuzuwansu, wai kowane yaro yana ɗaga hannu. Ina taya ki murna da baki, a ciki kuwa ina cewa anya. Ban furta ba, don ina tsoron kada ya zama hassada ce kawai ta sa rigar hankali. Har yau ban rabu da wannan tsoron ba. Wataƙila ke mai gaskiya ce, ni ce mai mugun ido. Ina ƙaunarki, kin sani, kuma ban taɓa samun wanda ya iya buɗe wa mutum lissafi kamarki ba. Shi ya sa abin yake ci na.

Shugabar makarantar ba ta taimake ni ba. Da na yi mata zancen a kaikaice, sai ta ce ai ɗaliban marigayiya duk haka suke, ajinsu gwanin sha'awa. Na kasa gane ko yabo take yi ko tona asiri. Na je har Chikaji na nemi Yohanna, tsohon ɗalibinki mai tsayin nan, yanzu yana koyarwa a can. Ya ce ƙwarai kin koya musu hannun hagu, kuma kin ce masu hagu su ne aikin malami, masu dama sun riga sun sallame shi. Na ji daɗi. Sai na tambaye shi, to ranar da baƙo ya zo fa, me kika ce su yi? Ya yi dariya, ya tambaye ni ya mutanen gida. Na sake tambaya, ya ce bari ya samo min ruwa. Haka na dawo Samaru da abin da na tafi da shi.

Na ce wa kaina, ko ma wa ya koya mata, yaran nan ne abin dubawa. Na kira Godiya na ba ta kwalin tsinkayen gaba ɗaya. Na zauna da ita na kwance ɗauri a gabanta, na sa ta kwance da hannunta, har ta ce ta gane. Na ce ta koma kan masu hagun nan, zan dawo kafin tifi ya ƙare, ban faɗi rana ba. Na yi mata haka ne don ke. Da wata ce, da tuni na gama da ita.

Na koma. Ta rubuta lissafi a allo, ta yi tambaya, hannaye suka tashi. Dama. Duka dama, Saratu, babu hagu ko ɗaya. Ban san ko murna zan yi ba. Na miƙe na ce ni zan zaɓa. Na kira yarinyar nan da na gani tana sauya hannu. Ta zo allo, ta tsaya, ta cire ƙarami daga babba kamar da. Na kira wani, haka. Na kira wata, ta riƙe alli tana kallon Godiya. Ban ƙara kiran kowa ba, don na ga abin da kika tsana nake yi, ina kunyata yara a gaban baƙuwa, kuma baƙuwar ni ce. Kwalinki yana kan kabad a ƙarshen aji, da igiyar da na ɗaure shi da ita, ƙullin nawa ne.

A duk kwanakin da na ba ta, hannayen kawai ta gyara. Da can ko ba komai mai hagu yana gaya wa malamarsa gaskiya. Yanzu an hana shi wannan ma.

Na kayar da ita. Za ta maimaita tifi baɗi, 'yan ajinsu za su fita su bar ta. Shugaban sashe ya kira ni ya tambaya ko na tabbata, ya ambaci sunanki sau biyu, na ce na tabbata. Ba zan iya sa hannu a ba ta aji ba, yara su yi shekara suna aron abin da ba su san daga ina ya fito ba, su girma suna cewa ba su da kan lissafi.

Ranar Lahadi bayan sujada na je gaida Baban Bitrus a bakin majami'a. Ya amsa a taƙaice, idonsa na kan takalminsa, ya wuce. Godiya ta canza layin da take zama. Matan zumunta sun ji, na ga yadda hira take mutuwa idan na iso. A wurinsu ni ce matar da ta jira ƙawarta ta kwanta dama sannan ta taka marainiyarta. Ban tsaya yi wa kowa bayani ba, don bayanin ba zai yiwu ba sai na sa sunanki a ciki, ni kuma ba zan yi ba.

To ga ni, ban san wa na hukunta ba. Idan don tausayi kika koyar da hannun hagu, Godiya ce ta lalata miki abu mai kyau, kuma na san da ke ce a kujerata da abin da na yi za ki yi. Idan kuwa don idon baƙi kika koyar, to yarinyar biyayya kawai ta yi, na ɗora mata kayan da ba nata ba. Wanne ne, Saratu? Me ya sa ba ki taɓa nuna min wannan dabara ba, ni da kike nuna wa komai?

Da kina raye da kin banko ƙofar ofis kin wanke ni tas a kan 'yarki. Da na bari kin gama, sannan in dube ki ido cikin ido in tambaye ki, ke kuma ba ki iya yi min ƙarya ba. Da ko wace amsa kika ba ni na ɗauka, mu yi fushinmu na mako guda mu shirya. Yanzu tambayar ta zama tawa ni kaɗai, zan riƙe ta har in zo.

Ki huta lafiya. Sai mun sadu a ƙafafun Yesu, kuma ki shirya, don kafin in gaishe ki zan tambaya.

Taki, wadda ba ta daina ƙaunarki ba,
Rahila