Tanko Ba Ya Kallon Alƙibla

Faisal, daren Talata, 1978

Shekara talatin da ɗoriya ina faɗa, ba mai ji: abokina Tanko ba ya kallon alƙibla. Tare Turawa suka koya mana fareti ba takalmi, suka kawo mu Masar yaƙinsu. Ciwon atuni ya kashe shi ina kwance asibiti. Sajan ya sa aka binne shi yadda layin kaburbura ya miƙe, wai kada jeri ya karkace. Tir!

Yau na koma maƙabartar sojojin. Ciyawa shar, har da furanni. Na nuna wa mai ban ruwa kabarin, ya ce, "Ma'alish, ya hajj," wai in yi haƙuri. Ma'alish ɗin banza! Ƙafafuna sun kusa daina kai ni can. Wa zai juya Tanko? A ba ni amsa kafin in bi shi.