Kokwambarki a Hannun Malamin Gona

Zuwa ga sanyin idona, inuwata in rana ta take, raɓar safiya a kan busasshiyar zuciyata,

Gaisuwa daga mijinki, malamin aikin gona na shekara goma sha ɗaya, wanda kokwamba ta tona wa asiri.

Kin tuna yammacin da abokaina suka zo, kika yanka musu kokwambar lambunki siriri-siriri, kika barbaɗa gishiri? Suna ci suna santi, ni kuwa bakina ya ƙi zama lafiya. Na ce ai wannan wasan yara ne, in ni ne, ido rufe zan ninka abin da kika samu. Suka yi dariya. Ke ba ki yi ba. Washegari da za ki tafi gidanku jinyar ƙafar Mama, kika miƙo mini butar ban-ruwa, kika ce, "Ga ɗalibanka nan, Malam." Sati biyu kika ce za ki yi. Yau sati shida, kuma yayanki ya gaya mini Mama har kasuwa take zuwa da ƙafarta.

Ya farin watana, bari in faɗi laifina da bakina. Sandunan da kika kafa don yaɗo ya hau, na tuge su wai sun ɓata tsari, 'ya'yan suka kwanta a laka suka ruɓe. Ruwa kuwa, ran da na tuna in yi ambaliya, ran da na manta ƙasa ta tsage. Furannin da na ga ba ɗa a gindinsu na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsinke, wai ina rage wa shuka nauyi. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta leƙo ta katanga, ta tambaye ni yadda nake so matan furannin su haihu tunda na gama da mazan. Ni da nake zana wannan furen a allo duk shekara!

Guda huɗu suka tsira. Na ƙi tsinka, ina jira su yi girman da zai ba ki mamaki, har suka yi tumbi suka koma rawaya. Na yanka ɗaya, ɗacinta ya kai mini har kunne. Na zauna na cinye ta tas, don na ga hukuncin ya dace da ni.

Wane sirri ne a tafin hannunki, tauraruwata? Yaya aka yi nake kwana nake tashi kusa da irin wannan ilimi ban taɓa cewa sannu ba? Kujerarki tana bakin lambu, in na wuce sai in kau da kai. Gidan ya yi mini faɗi, abinci ya zama kamar magani.

Na mai da sandunan, na ɗaure yaɗon da tsumman tsohuwar rigata. Kullum kafin in tafi makaranta nakan tsoma yatsa a ƙasa yadda kike yi. Ƙudan zuma sun dawo, kuma ga 'yan ƙanana guda bakwai, kowacce kamar ɗan yatsa. Na yi kuskure, na wulaƙanta ki a gaban mutane, kuma a gabansu zan ba ki haƙuri.

Ranar Asabar ina tafe. In kin ce ba ki shirya ba, ba zan yi musu ba. Zan gai da Mama, in komo in yi ban-ruwa, wata Asabar ɗin ki sake ganina a ƙofa.

Naki har ƙarshen numfashi,
Mijinki da ba shi da kowa sai ke.