Rijiyar Babana da 'Yar Na'urarsu

Daren Talata, 12 ga Rajab, Kebbe

Raina a ɓace yake. Yau wata ma'aikaciyar ruwa ta zo daga Sakkwato da 'yar na'ura kamar tafin hannu. Ta ɗiga ruwan rijiyarmu a bakin na'urar. Wai an shafa wa bakin wani sinadari daga jikin halitta, in ya gamu da guba sai na'urar ta ji, lamba ta fito. Lamba kuwa ta fito. Wai maganin ciyawar da ake fesawa a fadama ya tsiyayo ciki.

Na ce, "Ɗiyata, babana ya gina rijiyar ga. Shekarar farin da shanu suka ƙare, ita ta riƙe unguwar ga. Wa kika ga ta kayar?"

Ta ce, "Baba, wannan ba ya kayarwa, kuma harshe ba ya jin shi. A hankali yake rikita jiki, ya taɓa haihuwa."

Na ja guga, na shanye ƙwarya guda gaban kowa. Ƙarfen da bai taɓa jin ƙishirwa ba shi zai koya mani ruwa!

Amma da magariba na ga jikanyata Hadiza, ga tsohon ciki, ta nufi randa da moɗa. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na kora mijinta famfon makaranta da jarka.

Ni dai zan sha har in mutu. Amma ba zan gwada taurin kaina a kan abin da ke cikinta ba.