Da Na Ɗaga Kyamara Kowa Sai Ya Rufe Baki

Anti, don Allah ki agaza mini, abin nan ya fara hana ni sukuni.

Ni likitar haƙori ce. Ranakun aiki ina tsaye a kan marasa lafiya, fitila a sama, ina leƙa bakin jama'a. Ranar hutu kuma sai in rataya kyamarata in fita ɗaukar hoto, abin da nake so kamar raina. Matsalar ita ce rabin unguwarmu sun taɓa kwanciya a kujerata. Da na ce a yi murmushi, sai kowa ya tsuke baki kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ni ma ban kyauta ba, don a wani taro na sauke kyamara na gaya wa wani dattijo dasashinsa ya kumbura. A gaban surukansa fa!

Yanzu autarmu za ta yi aure, ta je ta ɗauko wani mai hoton, wai ni in huta. Ni da na goya ta! Wallahi na ji zafi, maigidana kuwa sai dariya yake mini. Shin in sayar da kyamarar nan ne in tsaya ga cire haƙora?

Likitar da Ba a Yi wa Murmushi

Likita, na yi dariya ni ma, ki yafe ni. Amma kada ki sayar da komai.

Jama'a suna da hujja. Wanda ya san kin ga ramin haƙorinsa ba zai washe miki baki da sauƙi ba. Ki daina cewa a yi murmushi. Ki ja su da hira, ki dubi idanu, ki ɗauka lokacin da suka manta da ke. Dasashin dattawa kuma ki bar shi sai sun zo asibiti da ƙafarsu.

Batun auta, zafinki daidai ne, sai dai ki buɗe hotunan gidanku ki duba: a nawa kika fito? Ina zargin ba raina aikinki ta yi ba, yayarta take so a gefenta. Ki tambaye ta, ki roƙi ta ba ki rana guda kafin biki ki ɗauke ta son ranki. Ranar auren kuwa ki bar kyamara a gida, ki shiga hoton, ki nuna musu haƙoran likita.

Allah ya sanya alheri, ya bar zumunci.