Zagaye Biyu na Sifirin

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Ina fata masu gashin ƙafar a asibiti suna miki a hankali. Ki gaida Auta da mijinta. Na san Auta ce ke karanta miki, to ta karanta yadda na rubuta, kada ta gyara mini komai.

Ni lafiyata ƙalau. Na ɗauki biro ne saboda waya ba ta yi mana: ke harshenki bai gama sakewa ba, ni kuma kunnena na hagu injina sun cinye shi tun tuni. Sai mu ƙare da "me kika ce?" har layin ya katse.

Wata biyar ke nan da tafiyarki jinya gidan Auta. Gidan yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini girma. A tsaye nake cin abinci a kicin, don in na zauna a falo kujerarki ce ke kallona. Shukarki ta bakin taga tana raye, ina ba ta ruwa, ko da yake ina jin ta fi son hannunki.

Motar ce ke ba ni aiki. Jiya na sake canza mata shoka, abin nan da ke shanye girgiza in taya ta faɗa rami. Karo na uku ke nan a bana. Kuma kin san wani abu? Da can na gefenki ne ke fara yoyon mai, ina tsokanarki cewa tuhumar tana kan nauyinki. Yanzu na gefena ne ke riga mutuwa, har motar ta ɗan karkace wajen direba. Mai walda na kusa da garejina ya ce in sa nauyi a ɗaya gefen, sai na ɗora buhun yashi a kujerarki na ɗaura masa bel. Ba ya cewa in rage gudu, ba ya canza mini tashar rediyo. Ban ji daɗin zama da shi ba ko kaɗan.

Kin tambaya ta bakin Auta yaushe zan zo. Aiki ya yi yawa, Malama. Sai an ɗan kwana biyu.

Allah Ya ƙara sauƙi.

Mijinki,
Bakanike

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina fata barci yana samuwa, ciwon bayan kuma ya lafa.

Saƙonki ya iso, cewa a shekara talatin da huɗu ba ki taɓa ganin aiki ya hana ni abin da nake so ba. Gaskiyarki. Ƙarya na yi, mota biyu kacal ke garejin. Auta, ki karanta wannan a hankali, kada ki tsallake.

Kin tuna bayan an sallamo ki daga asibiti, ranar da kika tsaya a ƙofar mota kina ƙoƙarin ɗaga ƙafar dama ta ƙi? Na kawo hannu kika ture shi. Kika koma ɗaki, kwana tara ba ki ce a kai ki ko'ina ba. A rana ta goma na ce miki zan kai motar wanki. Gareji na kai ta. Na ɗaga ta a jak, na ciro sifirin duka huɗu, murɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, na yanke zagaye biyu a kowanne. Motar ta sauko kusan inci biyu. Washegari kika ɗaga ƙafa kika shiga da kanki, kika dube ni kika ce kin ga, sauƙi ya fara samuwa. Na ce ƙwarai kuwa.

Ni da nake korar samari in sun kawo motocinsu a sassauke musu don gayu! Ina yi musu bayani har bakina ya bushe: shoka yana da iyakar tafiyar da aka yi shi da ita. In ka yanke sifirin, sai shoka ya zauna a danne tun kafin mota ta motsa. Ƙaramin rami sai ya buga har ƙarshe, robar da ke riƙe mai ta fashe, mai ya tsiyaye. Abin da zai yi shekara huɗu sai ya mutu a wata huɗu. Na san duk wannan, na kuma yi da hannuna.

Abin da ke cina shi ne bugun da shoka ya kasa shanyewa, bayanki ne ya shanye shi. Duk lokacin da muka hau tudun rage gudu kika cije leɓe, na gani. Ina tsoron ciwon bayan da ya sa aka ɗauke ki zuwa can, da hannuna a ciki.

Ga kuma dalilin rashin zuwana. Hanyarku awa takwas ce, kuma akwai wajen nan da kwalta ta ƙare. Mota a ƙasa haka ba za ta wuce ba, za ta bar salansa da tukunyar mai a kan dutse. Sai na mayar da ita sama. In na mayar, kuma kika dawo, ba za ki iya shiga ba. Sabbin sifirin suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur tun wata uku. Duk ranar da na jawo kwalin sai in ji kamar na yarda ke nan ba za ki dawo ba, sai in tura shi da ƙafa. Motar haya kuma ban shiga ba, don ban san da wace fuska zan zauna gabanki da wannan a bakina ba.

Ki yafe mini. Ina kewarki ƙwarai.

Mijinki,
Bakanike

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan.

Na karanta takardarki sau biyar. Na gane layin ƙarshe da hannun hagu kika rubuta shi da kanki.

Ashe kin sani. Ashe tun ranar farko kin ji cikin motar ya karci dakalin ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Kika ce kin ga yadda nake leƙen fuskarki, shi ya sa kika ce sauƙi ya samu, don in samu in ci abinci. Wato shekara guda ina ruɗinki kina ruɗina, shoka yana shan wahala a tsakani. Na yi dariya ni kaɗai a gareji, daga baya dariyar ta juye, har mai walda ya kashe injinsa ya leƙo.

Auta ta kira ni daban ta faɗa mini abin da likita ya ce, cewa kada a sa rai ƙafar za ta fi haka. Ta kuma ce ciwon bayan ba daga mota ba ne. Ban sani ba ko lallashina take, amma na karɓa.

Jiya na sa sabbin sifirin da sabbin shoka huɗu. Motar ta miƙe, har ni sai da na ɗaga ƙafa sosai kafin in shiga. Kafinta ya yi mini 'yar matakalar katako mai hawa biyu, inci biyu kowanne, na manna mata roba don kada ƙafa ta zame. Buhun yashi na sallame shi.

Zan taso ranar Asabar da safe. In kin iya taka matakalar, mu dawo gida tare. In ba ki iya ba, na riga na sa akwatin kayan aikina a but, da shukarki ta bakin taga. A can ma motoci suna lalacewa.

Sai na iso.

Mijinki,
Bakanike