Akwatin Kayan Aikin Babana Yana Tsallaken Iyaka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke ba baƙi izinin aiki a ƙasar da ke maƙwabtaka da mu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku tare da ma'aikatanku, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Yallaɓai, ku yi mini afuwa. Na san ban kai in rubuta wa babba kamarku wasiƙa ba, balle a fili inda kowa zai karanta. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare a Kalgo, ko a aji ba na magana sai an kira sunana. Sau biyu na aika muku da takarda ta hannun wani direba, ban ji komai ba, shi ya sa na kai wannan wasiƙa gidan jarida. Na yi ta da Hausa ne don Faransancin da muka koya bai wuce gaisuwa ba, kuma Baba ya ce akwai masu jin Hausa a ofishinku.

Babana makanike ne, yana gyaran injin ban ruwa da injin casar shinkafa. Bai yi boko ba. Tun yana yaro aka kai shi Gwandu, garejin Malam Sahabi, ya yi shekara tara a hannunsa. Ranar da aka yaye shi an tara mutane, an raba goro, an yi addu'a, sannan Malam Sahabi ya miƙa masa akwatin ƙarfe da kayan aiki a ciki. A wurinmu haka ake yi. Wanda ya ga akwatin ya san an sallame ka, ba a tambayar takarda.

Ga abin da ya faru.

Na farko. Wani kamfanin noman shinkafa na ƙasarku ne ya aiko har Kalgo neman Baba, ba shi ya je roƙo ba. Su suka nema masa izinin aiki na wucin gadi, na wata shida, wanda ake sabuntawa. A lokacin babu wanda ya tambaye shi satifiket. An kunna masa inji uku da suka gagare su, ya saurara, ya faɗi ciwon kowanne, ya gyara. An sabunta masa izinin sau biyu ba tare da wata matsala ba.

Na biyu. Ana saura kwana biyar izininsa na uku ya ƙare, Allah ya yi wa Malam Sahabi rasuwa. Baba ya gaya wa shugaban aikinsu, shi kuma ya ce masa ya je, Allah ya jiƙan mamaci. Baba ya ɗauki wannan magana a matsayin izini. Ya kulle akwatinsa a ɗakin ajiyar kamfani, ya taho da rigar da ke jikinsa. Ya san sabuntawa sai mutum ya je ofishinku da kansa kafin ranar ta wuce, ba zan ce bai sani ba. Amma Malam Sahabi bai bar ɗa namiji babba ba, kuma Baba ne babba a cikin waɗanda ya yaye. Shi aka zaunar a kan tabarmar karɓar gaisuwa. Wanda aka zaunar a nan ba ya tashi sai an yi addu'ar bakwai. Da ya tashi a rana ta uku, da har ya mutu ana nuna shi a Gwandu. Washegarin bakwai ya kama hanya. Ko da ya isa ofishinku, ya makara da kwana huɗu.

Na uku. A ofishinku ma'aikacin da ya saurare shi bai wulaƙanta shi ba, har kujera ya ba shi. Ya nuna masa takardar uzurin rasuwa, mai gurbin uba, da uwa, da mata, da ɗa. Ya tambaye shi wanne ne mamacin. Baba ya ce maigidansa ne. Ma'aikacin ya ce babu gurbin maigida. Wani da ke zaune a wajen ya raɗa wa Baba cewa ya ce uba kawai, wa zai je Gwandu bincike? Baba ya ƙi. Ya ce ba zai yi ƙarya a kan kabarin da ƙasarsa ba ta bushe ba. Aka ce to sai ya nemi sabon izini, kuma sabon izini yanzu sai da satifiket na makarantar sana'a, ko shaidar wanda ya koya masa a rubuce. Yallaɓai, wanda ya koya masa shi ne aka binne.

Na huɗu, wanda ya fi damuna, shi ne akwatin. Kamfani ya ce an rubuta shi a jikin izinin ranar da ya shiga ƙasar, don haka ba zai fita ƙofa ba sai da hatiminku. Ofishinku ya ce ba a buga hatimi a fayil ɗin da ya mutu sai an nemi sabon izini. Sau uku Baba yana zuwa. A zuwan ƙarshe mai gadin kamfani ya bar shi ya leƙa ta tagar ɗakin ajiya, ya ga akwatin a ƙarƙashin buhunan taki.

Za ku ce ya sayi wasu kayan. Ya sayi sifana da filaya a kasuwa. Amma rabin abin da ke cikin akwatin ba a sayar da shi. Shi da Malam Sahabi suka ƙera su da hannu, suka goge su daidai da tsofaffin injinan da manomanmu ke amfani da su. Ga noman rani ya kama. Makon jiya wani dattijo ya ɗauro injinsa a kan babur tun daga Dangoma. Baba ya sa an kunna, ya saurara, ya faɗa masa abin da ya lalace, sannan ya ce ya kai Birnin Kebbi. Dattijon ya yi masa wasa, ya ce yanzu likita sai duba, ba ya ba da magani? Baba ya yi dariya. Da mutumin ya tafi, ya shiga ɗaki bai fito ba sai la'asar. Yanzu idan ya ji ƙarar babur a ƙofar gida, ni yake turawa in ce yana hutawa.

Roƙona kaɗan ne. Idan ba zai yiwu ya koma aikinsa ba, ku buga hatimin a sakar masa akwatinsa. Kuma don waɗanda za su zo bayansa, ku duba ko za a gwada makanike a gaban inji maimakon a gaban takarda, kamar yadda aka gwada shi ranar farko. Gaskiya ban sa rai sosai ba. Baba ma da na karanta masa wannan, bai hana ni ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama aikinku cikin mutunci, ya kare ku daga ranar da za a tambaye ku takardar da ba a taɓa yin ta ba.

Akwai abin da nake yi ba da sanin Baba ba, na tsallake shi da nake karanta masa. Idan an tashi makaranta ina bin manoman da ya taɓa yi wa gyara, a nan Kalgo da Wurogauri, suna dangwala mini yatsa a wata takarda cewa sun san aikinsa. Kunya nake ji a kowace ƙofa, amma shafi ɗaya ya kusa cika. Ina neman izininku in sake rubuto muku idan ya cika, in haɗo da shi. Idan kuwa kun san ba zai yi amfani ba, don Allah ku sa a gaya mini, in daina sa dattawa suna ɓata yatsunsu da tawada.

Wassalam.

'Yarku,
Hauwa'u, daga Kalgo.