Sandar Tsintsiya da Ɗakin Ƙasa

Kai da ka ɗaga tawul ka ciro littafin nan, mayar da shi. Na Gunvor Tveiten ne, ba na karatun kowa ba. Steinar, in kai ne, ka ji kunya, da furfurarka.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Steinar ya iso. Ɗana ɗaya tilo, ya haura hamsin, gashi har gadon baya, riga baƙa mai zanen ƙasusuwa. Rabona da ganinsa tun jana'izar mahaifinsa. Waya ma ya daina kira, sai dai saƙo, layi biyu, kamar mai rubuta wa ofishin lantarki.

Ba don ni ya zo ba. Don ɗakin ƙasa ya zo. Wai ƙungiyarsu ta kiɗan hayaniyar nan da suke kira kiɗan ƙarfe za ta sake fitar da faifai bayan shekarun da suka yi shiru, kuma sai a ɗakin da suka yi na farko. Na ɗauka shirun nan shiriya ce. Ashe hutu ne.

Sunan ƙungiyar ba zai shiga littafin nan ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Sauran biyun sun zo da kaya. Oddvar mai ganguna, yanzu direban bas ne, yana ɗingishi. Jostein mai jita, shi ke rainon yara a makarantar ƙanana. Iyayen yaran sun san abin da yake rerawa kuwa?

Oddvar ya ƙame a bakin ƙofa ya sara mini.

"Janar! Ba ki tsufa ba ko kaɗan."

"Kai ka tsufa. Cire takalmi."

Tun suna samari Janar suke ce mini. Sun ɗauka ban sani ba a lokacin.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Kofuna suna rawa a kan kanta tun hantsi. Kaina.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na sauka kai musu kofi, ba don sun cancanta ba. Na tarar da Steinar tsaye ba takalmi ba safa, a wannan sanyin, tafin hannunsa manne da gungumen rufi, yana gurnani a bakin makirufo kamar bijimi a mayanka. Yaron da ya yi waƙa a gaban coci yana ɗan shekara tara, har matar fasto ta share hawaye. Muryar da Ubangiji ya ba shi ke nan yake kekketawa.

Na ce ya sa safa. Ko waiwayowa bai yi ba.

Da yamma suka hau suka zauna a kicin, suna ta kallon juna. Jostein ne ya yi ƙarfin hali. Wai a farkon faifansu na fari akwai wani bugu, dum, dum, dum, kafin kiɗa ya ɓarke. Wai masoyansu har a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna cewa gawa ce ke ƙwanƙwasa akwatinta daga ciki. Wasu sun rantse a maƙabarta aka ɗauka.

"To ni ina ruwana?"

Oddvar ya kwashe da dariya har da buga tebur.

"Janar, ke ce gawar. Sandar tsintsiyarki ce, ranar da kika buga mana daga nan kicin mu yi shiru."

Shekara talatin ana yawo da fushina a duniya, ana zana shi a jikin mutane da allura, ba wanda ya gaya mini. Yanzu kuma suna so in sake bugawa don sabon faifan. Sun gwada da guduma, sun gwada da takalmi.

"Bai yi ba," in ji Jostein. "Babu tsana a ciki."

Na ce ban taɓa tsanar kowa ba, tarbiyya nake yi. Na ce hannuna ba zai shiga waƙar kabari da duhu ba, ko yau ko gobe. Steinar bakina kawai yake kallo.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Bayan sujada a coci Borghild, 'yar cocinmu, ta matso da kofin kofinta.

"Gunvor, an ce aljanun gidanku sun dawo hutu."

Na ce aƙalla nawa sun san hanyar gida. Bai kamata in faɗa ba, ɗanta yana can Kanada. Amma ita ta fara.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na yi ƙwallon nama da dankali da miya mai kauri, irin wanda yake so. Ƙarfe huɗu na tsaya a kan matakala na kira shi. Kiɗa ba ya tashi a lokacin, sauran sun fita shan taba. Na kira, na sake kira. Ina hango ƙeyarsa yana naɗe wayar lasifika. Na rufe tukunya na ci nawa ni kaɗai.

Ya hau bayan awa guda yana tambayar ko akwai abinci. Na nuna masa firiji.

Haka yake tun yana saurayi. Abin da ba ya so ya ji, ba ya ji.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ban so in rubuta wannan ba.

Yana wanke kwanuka, ya ba ni baya. Ƙanƙara tana sauka a taga, kicin da ɗumi, kuma tsayuwarsa sak ta mahaifinsa Arnfinn, kafaɗa ɗaya a karkace. Ban san abin da ya same ni ba. A gidanmu ba a irin wannan maganar, uwata ba ta taɓa yi mini ba. Na ce, "Steinar, na yi kewarka. Gidan nan ya yi mini girma."

Ya ci gaba da goge tukunya.

Na jira. Ya ɗauraye, ya kife, ya ɗauki wata.

Mace mai shekaruna ba ta faɗin irin wannan sau biyu.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na tare shi gaba da gaba a zaure. Na ce zuwa Lahadi su kwashe kayansu, ɗakin ƙasa na dankali ne da tulunan jam. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To, Mama." Shi ke nan. Ko gardama ban isa ya yi da ni ba.

Na gaji. Gwiwa, kai, komai.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Oddvar ya hau shi kaɗai, ya cire takalmi ba tare da an ce ba, ya zauna. Bai sara ba.

"Gunvor, zan gaya miki abu, in ya ji zai kashe ni. Ko da yake ba zai ji ba. Matsalar ke nan."

Na ce ya yi magana kamar mutum.

Kunnen Steinar ya tafi. Na hagu gaba ɗaya, na dama saura kaɗan, shi ma da ƙara a ciki dare da rana. Baki yake karantawa. In ka ba shi baya, ko ya ba ka, babu kai. Shi ya sa ya bar kiran waya. Shi ya sa sai ɗakin nan: ƙasan katako ne, rufin gajere, yana jin ganguna ta tafin ƙafa, yana jin jita ta gungumen. A babban ɗakin ɗaukar sauti sun gwada, ya kasa gane inda zai shiga, ya fita ya zauna a mota.

"Likita ya ce faifan nan shi ne na ƙarshe da zai iya."

"Na'urar ji fa?"

"Tana aljihunsa. Ba ya so ki gani. Ya ce za ki ce kin gaya masa."

Na gaya masa kuwa. Tun yana ɗan sha biyar nake gaya masa. Duk wanda ya kwana da kansa a jikin lasifika, abin da zai samu ke nan, kuma ba zan janye ba.

Oddvar ya tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Bugun nan na tsohon faifai, mu mun so mu goge. Shi ya hana."

Ban ba shi kofi ba. Na manta.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na tsaya a bayansa yana yanka cuku. Na ce, "Steinar." Na ɗaga murya. Na kira shi da sunan da nake kiransa yana cikin zanen goyo, wanda ba zan rubuta ba.

Wuƙa kawai ke tafiya.

Na shiga banɗaki na kunna famfo na daɗe.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Borghild ta samu abin faɗa.

Sun ce za su yi waƙa ɗaya ta ƙarshe kafin su fara naɗe wayoyi. Na dafa miyar kifi. Ƙarfe huɗu ya yi, ƙasa ta yi tsit, ashe shirin farawa suke. Na je bakin matakala na buɗe baki, sai na tuna. Na tsaya kamar sakarya.

Tsintsiyar tana bayan ƙofa. Ba waccan ba ce, waccan ta karye tuntuni, amma sandar wannan ma tana da nauyi. Na tsaya daidai inda gungumen ya ratsa ƙarƙashin kicin. Ban nema ba, ƙafata ta san wurin.

Na buga.

Sai ga gudu a matakala, sai ƙum, Steinar ya ƙwala goshi a katakon ƙofa, inda ya saba ƙwalawa tun da ya yi tsawo. Ya tsaya yana haki, ƙafa ba safa, hannu a goshi.

"Mama, kin kira ni?"

Na tsaya inda haske ke kan fuskata, na buɗe baki sosai.

"Miya tana hucewa."

Daga ƙasa Oddvar yana ihu, "Ya shiga! Jostein, jar fitilar ɗaukar sauti tana kunne, bugun ya shiga faifai!" Na yi kamar ban ji ba. A gidan nan ba shi kaɗai ya iya ba.

Muna ci na miƙa hannu. Ya gane. Ya ciro na'urar daga aljihu, 'yar ƙarama kamar wake, ya sa a kunne yana kallon kwano. Ya jira in ce na gaya masa. Na ce ya ƙara dankali.

Ba wanda ya naɗe waya.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na kunna kyandir na farko na jiran Kirsimeti. Suna nan har su gama, wataƙila zuwa sabuwar shekara. Jostein ya tambaya ko za a rubuta sunana a bayan faifai. Na ce duk wanda ya rubuta ya nemi wani wurin cin abinci. Ban buga don faifansu ba. Har yanzu kiɗan banza ne, kuma kalmomin sun fi kiɗan muni. Ko da yake waƙa ta ukun, mai tafiya a hankali, ba ta sa mini ciwon kai sosai.

Jiya na maimaita masa maganar ranar Talatar nan da yake wanke kwanuka, ido da ido. Sau biyu ke nan. Abin da ya amsa ba na littafi ba ne.

Na tara su uku a kicin na kafa doka, kuma na sa Steinar a gabana don kada ya ce bai gani ba. Ba kiɗa ranar Lahadi kafin a tashi daga coci. Ba mai zama a teburina da fentin nan da ke mai da fuska kamar ta gawa, ko kunne ba na'ura. Ba mai yi wa wani magana ta baya. Kuma daga yau a gidan nan ba a kiran kowa cin abinci da baki. In tsintsiya ta buga, a ajiye komai a hau, da safa.